Farantai a Bakin Ƙofa

A shekarar da annoba ta sa aka kulle mutane a gidajensu, wata magariba, Auta ta fito lungun da ke tsakanin ɗakuna tana tattara farantai. Gidan a hawa na uku yake na wani dogon bene, ko kuwa na huɗu ne, abin ya fara shige mini. Titi ya yi tsit, ba mota, ba mai talla, sai inuwa da ke hawowa bangon maƙwabta a hankali.

Su huɗu ne a gidan. Akwai maigidan, wanda kowa ke kira Akanta saboda aikinsa, da matarsa da 'ya'yan ke ce wa Mama, da babban ɗansu Yaya, ɗalibin jami'a da kulle ya maido gida. Sai ita Auta, yarinya siririya da ba ta daɗe da cika shekara goma sha shida ba. Da can suna da mai aiki, wata dattijuwa mai zuwa da safe, amma ranar da aka sa doka Akanta ya sallame ta ta waya, ya ce kada ta kwaso musu cuta. Ba wanda ya zauna ya raba aikin da ta bari. Aikin ne ya gangaro da kansa har ya tsaya a kan mafi ƙanƙanta.

Kuma tun makon farko Akanta ya kafa wata ƙa'ida, wai don kariya. Kowa ya ci abinci a ɗakinsa, in ya gama ya turo farantin waje da ƙafa ya rufe ƙofa. An daɗe da gane cewa ba mai ciwo a gidan, amma ƙa'idar ta yi wa kowa daɗi, sai ta zauna. Auta ce ke dafawa, ita ke kai wa, ita ke dawowa ta durƙusa a bakin kowace ƙofa ta kwashe. Tsakanin nan akwai shara da goge-goge, da wankin takunkumi da zannuwan gado, da shafe marikin ƙofofi da ruwan sinadarin nan mai ƙona hanci. Gidan da mutane ba sa fita ba ya daina yin datti. Kana share gaba, baya na lalacewa.

A wannan magaribar ta jibge farantan a wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo. Mai ya daskare a gindin tukunya, shinkafa ta bushe a jikin cokula. Ta tsaya tana kallo har idonta ya cika. Ba ta yi addu'a ba, ba ta kuma yi zagi ba. Cewa kawai ta yi, da muryar da ba ta wuce leɓenta ba, "Wani ya zo ya karɓe ni. Ko waye."

Ruwan famfon ya tsaya cak, alhali ba ta taɓa shi ba. Kicin ɗin ya yi sanyi irin na cikin randa. Sai ta ji an yi magana daga bayan wuyanta, muryar mace, tsohuwa, ba gaggawa a cikinta.

"To, matsa."

Daga wannan ranar gidan ya canza. Farantai suka riƙa ƙyalli, tayil ya yi fes har mutum na ganin fuskarsa, kaya a goge a ninke tun kafin a tambaya. Auta ba ta ƙara cewa ta gaji ba. Gaskiya ma ba ta ƙara cewa komai ba. Tana aiki tun asuba har dare ya yi, ba ta zama, ba ta ɗaga kai, kuma ba wanda ya ga ta kai loma baki, domin ba wanda ke cin abinci tare da ita balle ya gani.

Mama kuwa sai murna. Tana kwance tana waya da ƙawarta, tana cewa, "Ke dai bari, kullen nan ya gyara mini yarinya. Da sai na yi ta haushi kamar kare, yanzu ko tari ban yi ba an gama."

Na san irin wannan murnar. Mutum ba ya son ya leƙa ƙarƙashin abin da ya sauƙaƙa masa rayuwa. Amma bari in zo kan hannayen Auta, kada in manta su, don su ne suka fara faɗar gaskiya. Fatar yatsunta ta tsage, ta yi fari, ta saɓule. Tana tsoma su cikin ruwan da ke tafasa ba ta ko motsa gira. Wata rana Yaya ya buɗe ƙofa yana turo farantinsa, ya ga ɗigon jini a bayan hannunta.

"Ke Auta, ki riƙa ɗaure abin nan mana," in ji shi. "Kada ki ɓata mini kofi."

Sai aka fara jifa. Kullum in rana ta faɗi, wanda duk ya yi jinkirin turo farantinsa sai ya ji tsakuwa a ƙofarsa, ƙwal, sai a yi shiru, sai kuma ƙwal. In ya buɗe ba kowa, sai 'yan duwatsu masu jiƙe a ƙasa, a gidan da ke can sama, tagogi a rufe. Daga kicin kuma ana jin murya biyu. Ɗaya tana ƙunƙunin waƙa marar kalmomi, ɗayar tana kuka can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Mama ta ji. Ta ƙara ƙarar talabijin, ta riƙa turo farantinta da wuri.

Abin da ya sa aka nemi taimako ba hannayen ba ne, ba kuma kukan ba. Wata la'asar Akanta ya tashi daga taron ofis da yake yi ta kwamfuta ya shiga banɗaki. Da ya fito bai ga kwamfutar ba. A kicin ya same ta, a buɗe cikin kumfa, Auta na dirza ta da soso. Ya ɗaga hannu zai mare ta, ta juyo. Idanun nata ne, amma mai kallonsa ta ciki ba 'yarsa ba ce.

"Ta yi ƙura," in ji tsohuwar murya. "Kai ma ka yi. Sauke hannunka kafin in wanke shi."

Akwai wani malami tsoho, masanin ruƙiyya, da wani abokin aikin Akanta ya ba shi lambarsa. Da farko ta waya aka gwada. Aka ajiye wayar a kan teburin kicin, malamin na karatu daga can, Auta na goge murhu. Da ya kai aya ta ce, "Muryarka na yankewa, Malam. Ka zo da ƙafarka." Sai aka jira ranar da ake buɗe gari na 'yan sa'o'i don sayen abinci.

Malamin ya iso gab da magariba, yana haki saboda matakala, takunkumi ya rufe masa rabin gemu. Ya wanke hannu a bakin ƙofa, ya bi lungun, ya tsallake farantai uku da ke ajiye a ƙasa, ya dube su ya wuce. Aka zaunar da Auta a tsakiyar falo, sai da Akanta da Yaya suka danne ta, don tana ta miƙewa za ta koma aiki. Malamin ya ga hannayen, ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Farantan kicin suka fara kaɗawa a kan kantarsu, a hankali, kamar haƙoran mai jin sanyi. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gidan rana. Tun da aka gina benen nan muke raba shi da su. Su fita da safe, ni in sake, su dawo da yamma, ni in koma bayan tankin ruwa. Ban taɓa taɓa musu ko cokali ba. Sai ga shi sun zauna. Wata da watanni, ba fita, sai ci da zubarwa da kiran sunan yarinyar nan. Ko ni na haddace shi."

"Wannan bai ba ki ikon shiga jikinta ba. Zalunci ne."

"Kirana ta yi. Ta ce ko waye. Mutum uku ne a gidan nan masu kunne, ni kaɗai na amsa."

Malamin ya ce, "Za ki fita."

"Zan fita. Amma ni ma a ba ni abu guda. Ga farantai can a lungu, ga tukunya a kicin. Ɗaya daga cikin ukun nan ya tashi ya wanke su da hannunsa, yau kaɗai, ina kallo. In an yi, na tafi ban bar komai ba. In ba haka ba, ku bar ni da ita har a buɗe gari, gidanku ya ci gaba da ƙyalli."

Malamin ya saki numfashi, har ya ɗan yi murmushi a bayan takunkumi. Ya sha jin aljanu na neman jini da turare da abubuwan da ba a bayarwa. Bai taɓa jin sharaɗi mai sauƙin wannan ba. Ya juya ya dubi mutanen gidan.

Akanta ya dubi matarsa. Mama ta dubi Yaya. Yaya ya ce, "Ni fa sabulun nan yana sa mini ƙaiƙayi, Mama kin sani."

"Ni da bayana ke ciwo tun haihuwarta," in ji Mama. "Baban yara, ai kai ne babba."

"Ni? A gaban 'ya'yana? Aljana ta sa ni wanke-wanke?"

Malamin ya fara naɗe hannun rigarsa, ya ce shi zai wanke. Muryar ta ce, "Zauna, Malam. Ba kai ka ci ba."

Ana jin ɗigon famfo daga kicin. Sai Mama ta matso, ta rage murya, ta yi tambayar da har yau in na tuna sai in ji dama ita ce ta ɓace mini cikin abubuwan da suka ɓace.

"Allah gafarta Malam, in aka ɗan bar ta, zuwa a buɗe garin, akwai wata illa sosai? An ce saura kaɗan."

Akanta bai tsawata mata ba. Yaya ya sunkuyar da kai yana jiran amsa. Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, busasshiya, ba daɗi a cikinta, a daidai lokacin da hawaye ke gangarowa daga idanunta.

"Tana ji fa," in ji muryar. "Tana nan ciki, ba barci take ba. Komai ta ji."

Malamin bai ƙara kallon kowa ba. Ya koma karatu da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, gumi na jiƙa takunkumin. Jikin Auta ya lanƙwashe, duwatsu suka zubo daga rufi suka watse a kan tayil.

"Na ji, na ji, zan fita! Ba ma don kai ba. Na zauna da abubuwa iri-iri a bayan tanki, amma ba zan ƙara kwana da waɗannan ba."

"Ki yi rantsuwa ba za ki dawo ba."

"Na rantse da Wanda ya halicce ni da kai. Ko ta kira."

Malamin ya ce a hankali, "In kina da iko, ki tafi da abin da ta ji yanzu. Ki rage mata."

"Ba nawa ba ne, Malam. Ba na ɗaukar kayan mutane."

Ƙafar yarinyar ta hagu ta girgiza sau ɗaya, tagar kicin ta buɗe da kanta, labule ya ɗaga ya sauka. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido. A lokacin ne zafin hannayen ya iso mata gaba ɗaya, na makonnin nan duka, ta yi ƙarar da maƙwabta suka ji ta cikin bango. Malamin ne ya nemi man shafawa da tsumma mai tsabta ya naɗe mata su. Ya ce kada ta taɓa ruwa har fatar ta warke, ya maimaita yana kallon iyayen, suka ce to, in Allah ya so. Lokacin da aka buɗe gari ya kusa ƙarewa, dole ya sauka.

Washegari ba wanda ya tashe ta. Suka ci burodi da shayi, da rana Mama ta dafa wani abu tana tsaki. Auta na kwance tana kallon rufi, ba ta yi wa kowa magana ba, su ma ba su shigo ba. Da rana ta faɗi sai ta ji ƙofa ta buɗe, an turo wani abu a ƙasa, an rufe. Sai ta biyu. Sai ta uku.

Ta fito. Ga farantan jiya, ga na yau a kansu, ƙuda na bi.

"Auta," in ji Mama daga bayan ƙofa, murya a tausashe, "in kin ji dama-dama, ki ɗan sa leda a hannun, ruwa ba zai shiga ba."

Ta durƙusa ta kwashe su da damatsanta, ɗaya bayan ɗaya, ta kai kicin. Ta tura famfo da gwiwar hannu. Inuwa ta gama cinye bangon maƙwabta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya fuskarta wajen tagar da ke kallon tankin ruwa.

"Ko waye," in ji ta.

Ta jira. Ruwan famfon ya ci gaba da zuba.