Falon da Babu Kujera

Tela ya dawo daga shago da la'asar, ya turo ƙofar falo, sai ya ja da baya da sauri.

"Innalillahi! Gimbiya, ɓarayi ne suka shigo?"

Matarsa ta fito tana murmushi, waya a hannu. "Haba Maigida, sitayil ne fa! Dubi hoton nan. Idan ɗaki ba tarkace, zuciya ma sai ta huta."

Kujeru, kafet, labule, har agogon bango, duk ta tura su sito na maƙwabciya. Abin da ya rage tabarma ce, da wani gajeren tebur, da busasshen reshe guda a tulu.

"Wannan iccen fa, na girki ne?"

"Kwalliya ce!"

Watansu biyar da aure, son ta yake kamar ransa. Ya zauna a ƙasa, ya ce lallai ya ji iska na shiga.

Ran Asabar sai ga Mama, mahaifiyarsa, ta zo ba sanarwa. Shekara uku ke nan gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa. Ta dubi kusurwa huɗu tana neman wurin zama, ba ta samu ba, ta jingina da bango. A tsaye ta sha ruwa, a tsaye aka gaisa. Gimbiya ta buɗe baki za ta yi bayanin sitayil, ta dubi ƙafafun tsohuwar suna rawa, sai ta fasa.

"Allah ya rufa asiri, 'ya'yana," in ji Mama, ta fita a hankali.

Kafin magariba babbar yayarsa ta kira shi a waya, muryarta har tsakar gida.

"Kai! Wata biyar ta cinye ka har kujeru? Mun yi magana da su Kawu, gobe ka mai da ta gidansu!"

Gimbiya na tsaye bakin kicin, tana jin komai. Kalma ɗaya Tela zai faɗa ya wanke kansa, ita kuwa ta zama abin dariyar dangi har ta tsufa.

"Yaya, ba ruwanta," ya ce. "Ni na fitar da su. Matata kuma tana nan daram."

"Ashe sakarai aka haifa a gidanmu!" Ƙit, ta kashe.

Washegari da hantsi mai kura ya yi sallama. A kan kurar kujera ce guda, ta katako, an ɗaure ƙafarta ɗaya da tsumma.

"Tsohuwa ta ce a kawo, kada baƙi su zo su ga ɗanta a ƙasa. Ta ce kuma kada kowa ya ji."

Tela ya dafa kujerar, idonsa ya kawo ruwa. "A kanta take salla, Gimbiya. Ba ta da wata."

Gimbiya ta rushe da kuka. Ko mayafi ba ta daidaita ba ta sa mai kura ya juya da kujerar zuwa gidan Mama, tana biye da shi a ƙasa. Ta tarar da Mama zaune a kan bokitin da aka kifa, Yaya na gefe ta cika ta yi fam. Ta durƙusa.

"Mama, ba talauci ba ne, ni ce. A waya na gani. Kayan suna nan lafiya. Ɗanki ƙarya ya yi wa kansa don ya rufa min asiri."

Sai Mama ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ja'ira! Kin kwashe kaya don hankalinki ya kwanta, kin tayar da na mutum goma!"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Ni ma na yi saurin baki, ƙanwata."

Mama ta kamo hannun Gimbiya. "Tashi, 'yata. Mijin da ya yarda a ce masa sakarai saboda ke, ki riƙe shi da hannu biyu."

To 'yan mata, a rage tarkace ba laifi ba ne. Amma kafin ki yi wa ɗaki kwalliyar waya, ki tuna da waɗanda za su shigo cikinsa, kuma ki san cewa kwanciyar hankalin gida daga mutanensa take fitowa.