Bencin Shagon Baba

Ruwan da yake wanke farantan sola da shi ne ya gangaro daga rufi, ya jiƙa yadin da ta shanya. Ta fito daga shagon ɗinkinta a fusace, ta ɗaga kai, sai ta yi ido biyu da saurayin da ke kan rufin, fushin ya sauka.

"Yi haƙuri, Tela," ya ce daga sama.

"Sauko ka ba da haƙurin a ƙasa, Mai Rana."

Shi ke kula da wutar unguwar: farantan kan gidaje, ɗakin batura, da injin da ke aiki da gas ɗin sharar kasuwa idan rana ta yi rowa. Wuni yake shi kaɗai, ba mai tanka masa sai fanka. Ita ma tun rasuwar mahaifiyarta, daga ita sai keken ɗinki. Ba a daɗe ba suka shaƙu.

Da maganar aurensu ta kai ga Babanta, ya ce atafau. Mai gyaran janareta ne, kuma tun zuwan wutar, bencin ƙofar shagonsa da ke cika da 'yan hira ya koma wurin barcin kyanwa.

"Wanda ya kashe min kasuwa zan ba 'yata?"

Daga nan Mai Rana ya ɗauke ƙafa. Maƙwabciya ta tsegunta mata cewa kullum da yamma ana ganinsa a layin gidan wata budurwa, 'yar mai burodi. Tela ta yi kuka ta gaji, ta tura masa saƙo:

"Idan ka sami wata, ka faɗa min. Shirun nan ya fi ƙarfina."

Ya amsa: "Telata, babu wata. Gobe ki kai wa Baba abincinsa da kanki."

Ta manta shagon Baba ma a layin yake. Washegari da ta je, ta tarar da Mai Rana kan bencin, hannu duk baƙin mai, yana miƙa wa Baba sifana, suna kwance wani tsohon janareta da ba wanda zai zo karɓa. Baba na ba shi labari yana dariya, dariyar da rabonta da ji tun mahaifiyarta na raye.

"Ashe ba kasuwar ce ta dame ni ba, 'yar nan," in ji Baba. "Kaɗaici ne."

Ya dubi saurayin. "Kai ka ɗauke min ƙarar unguwa. Na ba ka ita, amma ku cika min gida da hayaniyar jikoki."

Ranar ɗaurin aure bencin ya yi wa mutane kaɗan. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma cika wa Baba burinsa.