Bujen da Yunus Ya Rage

"A cikin wannan abin ka zo neman 'yata?"

Rumasa'u tana bayan labule, ta runtse ido. Tun da ta hango Yunus ya shigo lungunsu na unguwar Utaibiyya, a Makka, sanye da bantalon, matsattsen wandon nan na Turawa, ta san yau akwai magana.

"Ya Ammi," Yunus ya ce wa mahaifinta, wato baffa da Larabci, "kayan aiki ne. Duk direbobin Jidda..."

"Ni ba Amminka ba ne. Wannan kuma ba wando ba ne, kube ne."

Mahaifinta, Malam Hashimu, shekara talatin yana ɗinka buje, wandon nan na Hausawa mai faɗi, a Makka, tun da ya iso daga Kano a ƙafa. Ya yi karatu, shi ya sa faɗansa ba ya ƙarewa da wuri. Ya bayyana wa Yunus cewa wandon sirwal ɗin da Larabawa ke taƙama da shi, har sunan aro ne daga Farisa. Bantalon kuwa Turawa ne suka sauke shi a Masar, Masar ta rasa yadda za ta yi da shi ta turo gaba. Wando shi ne abin da mutum zai durƙusa gaban surukinsa a ciki ba tare da fargabar ɗinki ba.

"Ka dawo cikin wando kafin Hajji. In ba haka ba, ka manta hanyar gidan nan."

Tijjani, abokin ɗinkin Malam, yana gefe yana zura zare, fuska kamar ta mai ta'aziyya. Shi ma yana sonta. Daga baya ta ji shi ne ya tare Yunus a kasuwa ya ce masa ai Malam suruki ɗan zamani yake so.

Wata biyu Rumasa'u tana ɗinka wa Yunus buje a ɓoye, farin yadi, koren zare a ƙafafu. Da ta gama ta ba Gwaggo Sa'adatu ta kai masa.

"Ki ce wa masoyina ya sa shi kawai, Gwaggo... kada ya yi dabara."

Namiji ba ya jin rabi na biyu na saƙo. Yunus haihuwar Makka ne, bai taɓa sa buje ba. Ya warware, ya ga ƙugun da zai ci mutum uku. Ba wanda ya taɓa gaya masa mazagi ne ke tattare shi, faɗin kuwa shi ne adon. Ya naɗe ya nufi wurin wani tela ɗan Jawa, mutumin Indunusiya.

Ranar da ya dawo, bayan la'asar, Rumasa'u ta leƙa. Aikinta na nan a ƙafafu. Daga gwiwa zuwa sama kuwa an matse shi tsaf.

Malam ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yanka?"

"Ni na sa, Baba."

"Wa ya ɗinka?"

Yunus ya sunkuyar da kai.

"A matsa masa, Malam," in ji Tijjani a hankali. "Wannan zaren kamar na gidan nan."

"Ba zan faɗa ba," Yunus ya ce. "Mai ɗinkin bai taɓa auna ni ba, sai ya yi kuskure. Na ga bai kamata a ga kuskurensa a jikina ba."

Labulen bai iya riƙe ta ba.

"Kuskure? Wata biyu ina soke yatsuna ka kai wa ɗan Jawa ya sa almakashi? Haka ake yinsa, Yunus. Haka ake yinsa!"

"Ya hayati... wallahi na ɗauka ƙiba kike min fata."

Ta rasa ko kuka za ta yi ko jifansa. Sai a sannan ta tuna a gaban wa take tsaye.

Malam ya duƙa ya shafa zaren ƙafar wandon da ɗan yatsa.

"Tijjani, ba mu wuri."

Da ya fita, tsohon ya dubi Yunus.

"Na sha ganin masu tona laifin da mace ta yi. Ban taɓa ganin jakin da ya rufa mata asirin laifin da ba ta yi ba. Turo magabatanka ranar Juma'a."

"Ina sauran yadin?" Rumasa'u ta tambaya.

"Telan ya yi min huluna huɗu da shi. Sun yi kyau."

An ɗaura aure bayan Hajji. A shekara arba'in da suka yi tare ta yafe masa abubuwa da yawa, wasunsu manya. Wannan bai shiga ciki ba.