Kibiyar da Babu a Bango

Ranar Litinin da safe, a wani kamfanin rarraba magunguna, aka buɗe ɗakin kayan da shaguna ke dawowa da su, aka tarar katan goma sha biyu na maganin hawan jini sun yi ƙafa. Kafin azahar manaja ya dakatar da tsoho maigadi, ya ce gobe sai hannun 'yan sanda.

Binciken ya faɗo kan jami'in tsare-tsare, wanda ake kira Malam Kibiya, don ko hanyar banɗaki ka tambaye shi sai ya zana maka akwati da kibiya. Shi ya zana taswirar aikin da ke manne a bangon sito.

Ya fara da direban da ke dawo da kayan. "Wa kake miƙa wa kayan?"

"Ba kowa, yallaɓai. Duba takardarka: daga mota sai ɗaki. Inda ta tsaya nake tsayawa."

Mai duba kaya ta gyara tabarau. "Ni babu kibiyar da ta zo teburina daga ɗakin nan."

Malam Kibiya ya matsa jikin bango, ya duba taswirar. Kibiyar da ke cewa a kai mata kayan ta duba ta sa hannu, da ruwan ɗorawa ya zana ta, don ado kawai. Injin kwafi bai ɗauke ta ba. Shekara guda yana wucewa ta gaban taswirar yana yaba kansa, bai lura ba.

Saura mai kula da sito, yayan matarsa, wanda shi ya samo wa aikin.

"Yaya, me ka sani?"

"Haba, mijin ƙanwata! Ka tuhumi mai tabarau mana. Kibiyarka mai ruwan ɗorawa ai teburinta ta nufa."

"Wa ya gaya maka launinta? A bango babu ita. Takardar asali tana kulle a teburina, kai kaɗai na taɓa ba wa ka yi kwafi. Ka ga ta ɓace, ka manna, ka ja bakinka, don ka san ba mai duba kayan ɗakin nan."

Yaya ya zube kan wani kwali. "Ka tuna da ƙanwata."

Ya tuna da ita sosai. Duk da haka ya rubuta sunaye biyu a rahoto: na yaya a sama, nasa a ƙasa.

Da kansa ya fita mayar wa maigadi makullan ƙofa. Tsohon ya karɓa, ya ce, "Malam, ni ban iya karatu ba. A zanen naka ina nake?"

Malam Kibiya ya buɗe takardar asali, ya duba sama da ƙasa. Ko akwati bai taɓa yi masa ba.