Kifin da Masamba Bai Sani Ba

An ɗaura auren Daba Mbeng da Masamba Gey ranar Lahadi bayan la'asar a Kayar, garin masunta. Mahaifin amarya, Baba Biram, wanda ya rantse a bara cewa yaron ba zai sake taka ƙofarsa ba, shi ya raba goro da hannunsa.

A bakin teku suka haɗu. Daba tana aikin auna wa masu bincike kifi, Masamba kuma baƙo ne daga Ndar, ya saba da raga, yana koyon ƙugiya a ramin teku mai zurfi da ke gaban garin. Ta ɗaga kifinsa, ta buɗe bakin.

"Me sunansa?"

"Kifi."

"Sannu, malamin teku."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai awo, kin auna kifina kin tafi da hankalina. Yaushe za ki dawo da shi?"

Ta amsa: "Sai ka koyi sunan abin da kake kamawa, baƙona."

Da magana ta yi nisa, ya kai wa Baba Biram gaisuwa: ƙaton kifi baƙi da ya ɗauka ɗan'uwan kifin da ake kira tuna ne. Daba tana Dakar ranar. Aka dafa shi da shinkafa. Ashe kifin mai ne, mai yawan maiƙo, wanda ko yaran Kayar sun san yana sa gudawa, amma masu girki sun tarar an riga an feɗe shi an yanka, ba su gane shi ba. Gidan duka ya yini a layin bayan gida.

Useinu, dillalin kifi da ya daɗe yana neman Daba, ya bi rumfuna yana cewa da gangan ne. Baba Biram ya hana zancen auren.

"Na kashe kaina," in ji saƙon Masamba.

"Ba ka mutu ba, baƙona. Gobe ka same ni wurin awo."

Duk tsawon lokacin kamun kifin ta yi ta koya masa. Fatar kifin mai kamar ƙaya take, idonsa babba mai ƙyallin kore, namansa fari. Naman kifin tuna kuwa ja ne. Ta nuna masa yadda ake duba haƙori, a ƙirga ƙayar baya, a leƙa maƙogwaro.

Ƙarshe kawunta ya shawo kan Baba Biram ya gwada Masamba. Tsohon ya juye kwandon kifi a gaban masunta.

Masamba ya shafa na farko. "Kifin mai. Baba, mun san juna da shi."

Aka yi dariya, ban da Baba Biram. Na biyu ja ne. Masamba ya buɗe bakin, ya ga baƙin maƙogwaro, ya faɗi sunansa da zurfin da yake zama. Na ukun siriri ne, da ɗigo-ɗigo masu sheƙi a ciki. Ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

"Faɗi mana, ɗan Ndar!" Useinu ya yi ihu.

"Ban san shi ba, Baba. Kuma ba zan kai shi gidan kowa ba."

Baba Biram ya goge hannu a riga. "Ni ma ban san shi ba. Turo manyanka."

A wurin ɗaurin auren ya yi musu addu'ar zuri'a da teku mai albarka, jama'a suka shafa. Kifin na uku kuwa Daba ta aika da shi Dakar cikin ƙanƙara. Har ranar bikin ba a turo sunansa ba.