Eriyar Ɗakin Sanyi

Ranar da Memounatou ta fara ganin Issifou, rabin jikinsa na cikin ɗakin sanyin babanta, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Alhaji Karimu mahauci ne a zangon Sokodé. Ya gaji da asarar nama duk sa'ad da aka ɗauke wuta, shi ne ya kira wannan saurayin daga Dapaong ya haɗa masa inji mai aiki da hasken rana.

Issifou ya fito yana kakkaɓe riga, ya gan ta riƙe da kwanon abinci, ya ma manta da sallama.

"Ke ce mai karatun gidan? Zo ki gani."

Ya nuna mata akwatin da ya kafa a bango, mai eriya da fitila koriya da ɗan allo. Kwamfuta ce a ciki. Ya ce can a zuciyarta, inda ake kira kanel, ya liƙa wani ɗan shiri da ya rubuta, shi ke kula da sanyin. Mai gida ba ya iya shiga can.

"Shi ya sa na buɗe muku taga. Fayilolin nan ba a ajiye suke ko'ina ba. In kin buɗe mai suna sanyi, nan take kanel zai faɗa miki halin ɗakin. In kin rubuta lamba, injin ya bi. Wannan kuma mai suna eriya: in kin rubuta ɗaya, akwatin ya turo mini saƙo idan ɗaki ya ɗumama. Sifili, ya yi shiru."

"Sauran masu gyara ɓoye irin wannan suke yi, don a yi ta kiransu."

"Ni na fi so a kira ni don wani dalilin daban."

Ta ajiye kwanon ta gudu. Da yamma saƙo ya shigo: "Muna tawa, na isa Dapaong. Ɗakinku lafiya, ni ne dai zazzaɓi ya kama."

Ta amsa: "Injiniya, ka sha magani." Ta goge, ta sake rubutawa, ta tura hakan.

Ana cikin maganar turo manya sai gari ya rikice. Shekarar zanga-zangar neman canji ce, ana ƙona tayoyi a kan titi, an katse intanet. Wata safiya aka kama mahauta biyu masu yawan zama a bayan ɗakin sanyin.

Huseini mai gyaran waya, wanda ya daɗe yana kawo wa Memounatou tsaraba tana mayarwa, ya zo jaje.

"Baba Alhaji, ni dai tambaya nake. Me ya haɗa firigo da eriya? Baƙo ya kafa muku kunne a bango, kuna ba shi abinci."

Alhaji ya tsaya a gaban akwatin yana huci. "Ko shanun Dapaong duka ya koro, ba zai auri 'yata ba. Ya sake taka zangon nan, samari su karya shi!"

Memounatou ta so ta kare Issifou, sai shakka ta shige ta. Ai ya taɓa tambayarta su wa ke yawan buɗe ƙofar ɗakin. Me ya sa? Kuma fayil ɗin nan shi ya tsara shi, abin da ya so zai faɗa. Washegari ta buɗe fayil ɗin eriya, ta rubuta sifili. Fitilar ta mutu. Ta daina amsa saƙonsa.

"Muna, akwatin ya yi shiru. Lafiya?"

"Gimbiyata, ko baƙi ɗaya ki turo."

"An ce ana harbi a Sokodé. Ga ni nan zuwa."

Ta karanta na ƙarshen. Ta kira, layi ya ƙi shiga.

Bayan la'asar Issifou ya iso a bayan moto, babur ɗin haya, ya wuce shingayen hanya, idanunsa jajir. Kafin ya sauka samari sun kewaye shi. Shi kuwa leƙe yake ta saman kawunansu.

"Ina Memounatou? Tana raye?"

Ta fito ba ko takalmi. "Baba, ni na kashe eriyar. Gwada shi na yi. Ku zo."

Ta buɗe fayil ɗin sanyi a gaban kowa. Ta kama bakin wayar da ke auna sanyin a tafin hannunta, lambar ta hau. Ta saki, ta sauka. Ta koma fayil ɗin eriya ta rubuta ɗaya, fitila ta kama, ta rubuta sifili, ta mutu. Sannan ta kwance murfin akwatin.

Alhaji ya juya ga Huseini. "Kai ne masanin waya. Nuna mana kunnen."

Huseini ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce gilashinsa na shago.

Alhaji ya dubi baƙon. "A gaban akwatin nan na ce a karya ka, fitilarsa na ci. Da kana jinmu, da ba ka zo ba."

"A karya ni, Baba? Me na yi?"

Wani daga cikin samarin ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Da aka watse ta matso, kanta a ƙasa. "Me ya sa ka tambayi masu buɗe ƙofa?"

"Sanyi ke zurarewa, Muna. Ke ma kin zarge ni?"

"Na zarge ka."

Ta soma kuka. Sannan ya ce, "To gara da kika gwada. Amma don Allah, gaba ki tambaye ni da baki. Hanyar nan ba daɗi."

Alhaji ya ce ba biki sai mahautansa sun dawo. Da aka sake su, su suka feɗe san walima. Aka ɗaura aure a masallacin zango, dangin ango suka cika mota daga Dapaong. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ƙasar nan irinsa."

Duk gidan suka ce amin.