Waƙar da Darakta Ya Yi wa Rajista

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan. Umma na tsugune a bakin famfo tana wanke kwalbar jinjiri, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo. Ta leƙa layi, ko kaza babu. Sannan daga ɗakin babbar 'yarta ta ji ana rera waƙar raino, da muryar tsohuwar da haƙora suka ƙare wa.

"Kwanta, ɗan ruwa, rijiya ta yi shiru."

Waƙar ba baƙuwa ba ce. Da ita kakar Umma ta raini uwarta, da ita aka raini rabin unguwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce shi ya ƙago ta ba. Sai mijin Umma. Darakta ake ce masa, alhali abin da ya taɓa jagoranta bai wuce tallan sabulu a rediyo ba. Laɓewa ya yi a bayan ƙofa ya naɗi muryar Umma a waya tana lallashin jinjiri, ya kai situdiyo aka zuba ganga da fiyano, ya wuce ofishin haƙƙin mallaka ya yi rajista da sunansa. Takardar ma sai da ya sa ta a firam ya rataya a falo, sama da hoton aurensu. Har lauya ya tura makarantar rainon yara ta bayan layi, wai su daina rera masa kaya ba izini. Ka ji mutum!

Tun daga ranar jifan, babbar 'yar tasu, wadda ake kira 'Yar Baba saboda shi ya shagwaɓa ta, ta daina ci, ta daina magana. Rana na faɗuwa sai duwatsu su fara sauka, ita kuma ta zauna a tsakiyar katifa, idanu a kafe, tana jijjiga filo tana rerawa. Kullum ƙara ramewa take. Darakta ya ce 'yan hassada ne, sun ga ya fara haske. Umma ta sa mayafi ta ɗauko Malam mai ruƙiyya.

Malam ya zauna a gefen katifa ya fara karatu. Duwatsun suka tsaya.

"Wane ne kai?" in ji Malam. "Me baiwar Allah ta yi maka?"

"Ni mace ce," in ji muryar. "Yarinya ba ta yi mini komai ba. Wancan mai tumbin na zo gani, ɗaki ne kawai na ara."

Darakta ya matsa bayan labule.

"Tun nan wurin yana fili nake zaune a rijiyar da suka cike. Ni na rera wa matan da ke zuwa ɗiban ruwa waƙar nan, suka ɗauka suka tafi da ita. Ban karɓi ko goro ba. Sharaɗi ɗaya na yi: waƙar ta kowace uwa ce."

"To me zai sa ki fita?"

"Ya koma ofishin nan ya cire sunansa. In dole a rubuta, a rubuta ta jama'a ce, kada wani ɓarawon ya sake zuwa."

Umma ta juya ta dubi mijinta. Ga 'yarsa kwance, wuya ya zama kamar kara. Ta jira ya ce to. Wallahi ta jira.

Darakta ya gyara murya. "Hajiya," ya ce wa aljanar, "ai komai ɗan sulhu ne. Me zai hana mu yi haɗin gwiwa? A sa sunanki a ƙasan nawa."

Malam ya runtse ido don kunya. Aljanar ta yi dariya har labulen ya motsa. Umma kuwa ji ta yi duk wani sauran ganin girma da take yi wa mutumin nan ya zube ƙasa.

"Baba," ta ce wa aljanar, "ki bar shi da takardarsa. Ki faɗi abin da ni zan bayar, ki sakar mini 'yata."

"Ke kin iya magana. Zan karɓe waƙar daga bakinki, da na duk matan unguwa. Tunda ya ce tasa ce shi kaɗai, zan bar masa ita shi kaɗai. Kin yarda?"

Umma ta tuna kakarta, hawaye suka zubo. "Na yarda."

'Yar Baba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Washegari da magariba jinjiri ya tsala kuka. Umma ta ɗora shi a kafaɗa, ta buɗe baki, ba ta sami komai ba. Har kalmar farko ta ɓace, har karin. Ta daɗe a tsaye, abin yana cin ranta.

Sai ta ji waƙar daga falo. Darakta ne zaune ƙarƙashin firam ɗinsa, ya toshe baki da hannu biyu, idanu sun firfito, muryar tsohuwa tana fita ta tsakanin yatsunsa. Ya kasa dainawa, kuma haka zai yi kowace faɗuwar rana.

Umma ta shiga, ta dire masa jinjirin a cinya, ta jefa masa tawul a kafaɗa.

"Mai waƙa," ta ce, "ga aikinka."